Yadda Lok Bing Ya Zama Darakta Ba da Son Ransa Ba

Shekara ashirin da ɗaya Lok Bing ya yi yana mataimakin darakta a Hong Kong. A cikin shekarun nan sau uku ana yi masa tayin ya riƙe fim nasa na kansa, sau uku yana ƙi. Ba ƙanƙan da kai ba ne, tsoro ne, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Yana tsoron kare, yana tsoron jirgin fito idan iska ta taso, ba ya iya leƙa ƙasa daga saman bene. Abin da ya fi tsoro duk duniya kuwa shi ne a tashi neman mai laifi a tarar shi ne. Yakan ce idan ruwan sama ya ɓata ranar aiki, mataimaki gajimare yake zagi, darakta kuwa shi ake zagi.

Ni sunana Fong Lai-ha, aikina tace fim. A zamaninmu da almakashi da gam ake yi, mutum na zaune a ɗaki mara taga yana yanka yana liƙawa. A wannan ɗakin na san Bing, don shi ke kawo mini gwangwanayen fim kullum da safe, ya zauna a kujerar da ke bayan ƙofa ya sha shayin madara, ya ba ni labarin wanda ya yi wa wani tsawa jiya. Gajere ne mai ɗan tumbi, kullum da laima a hammata ko da rana ake ƙwallawa. Ya girme ni da shekara biyu amma Yaya Ha yake ce mini, kamar yadda kowa ke cewa. Yana da mata, Suk-yin, mai ɗinki a Sham Shui Po, da 'ya'ya mata biyu. A wurin aiki babu wanda ya kai shi sanin inda komai yake. Idan gashin kanti ya ɓace, Bing za a tambaya. Idan jaruma ta kulle kanta a mota tana kuka, Bing za a tura.

A shekarar 1992 muna aiki a kamfanin wani mutum da ake kira Maigida Tse. Kowa ya san ba da fim ya fara neman abinci ba, kuma kowa ya san ba a tambaya. Kamfanin yana da fim guda da ke riƙe da shi, labarin wata fatalwa mai suna Matar Hawa na Tara. An yi na ɗaya, an yi na biyu, an yi na uku. Duka ukun ni na tace, duka ukun Bing ne mataimaki. Daraktan na farko ya kwashe iyalinsa ya koma Kanada. Wanda ya gaje shi, Darakta Auyeung, shi ya yi na biyu da na uku, kuma shi ne zai yi na huɗu, har ya fara zagayen neman gida. Sai wata Litinin muka ji yana asibiti. An tare shi a wurin ajiye motoci da tsakar rana, an karya masa hannun dama a wuri biyu, ba a taɓa agogonsa ba, ba a taɓa jakarsa ba.

Ranar Laraba da safe Bing ya shigo ɗakina ba gwangwani, ba shayi. Ya miƙo mini 'yar na'urar saƙon kira da ke ƙugunsa in duba lambar wanda ya neme shi. Na karɓa na duba.

"Ofishin Maigida ne," na ce.

"Na sani. Na kira. Wai in same shi a gidan shayi ƙarfe goma." Ya karɓi na'urarsa. "Yaya Ha, ki raka ni."

"Ni aka kira?"

"Ba sai kin yi magana ba. Ki zauna kawai. Idan da mace a wurin ba za su yi abin a gabanta ba."

"Wane abin?"

"Ni ma ban sani ba. Shi ya sa."

Na ɗauki jakata. Har yau ban san abin da ya sa ba, don ni ma tsoro nake ji.

Gidan shayin yana Mong Kok, hawa na biyu, cike da tsofaffi da jaridunsu, mata na tura amalanken kwandunan abinci mai tururi suna kiran abin da ke ciki. Maigida Tse yana teburin ƙarshe, bayansa a bango. Siriri ne, fes da shi, da tabarau kamar malamin makaranta. A gefensa wani ƙato yana ɓare gyaɗa, Hung Ƙaton Kai, wanda ke zuwa wurin aiki a madadinsa. Maigida ya miƙe tsaye da ya hango mu, abin da ban taɓa gani ya yi wa kowa ba.

"Darakta Lok! Zauna, zauna. A'a, har da Yaya Ha? Madalla."

Na ga kalmar darakta ta sauka a fuskar Bing kamar mari. Bai taɓa jin an haɗa sunansa da ita ba.

"Maigida, Bing ne. Mataimaki," ya ce.

"Jiya ke nan."

Da hannunsa ya zuba mana shayi. Ya ɗauko wata takarda a naɗe daga ƙasan tebur ya warware a kan kwanuka. Fosta ce, an riga an buga, da fuskar jarumar da dogon gashi ya rufe rabinta, da lamba huɗu ja wur, da ranar da za a fara nunawa. Saura mako biyar. A ƙasa, inda ake sa sunan darakta, an liƙa farar takarda.

"Labarin fa?" Bing ya tambaya da ƙaramar murya.

"Za ka rubuta. Ai ka san ta, tana hawa na tara, tana kashe mutane. Me ya rage?"

Daga nan Bing ya shiga wani abu da ban taɓa ganin mai neman aiki ya yi ba, ya dage yana ɓata kansa. Ya ce bai iya ba da umarni ba, ko 'ya'yansa ba sa jin maganarsa. Ya ce bai san inda ake dasa kyamara ba. Ya ce yana da ciwon ciki, likita ya hana shi tashin hankali. Ya lissafo sunayen mutum shida da suka fi shi, har da lambobin wayarsu, don ya haddace. Maigida yana cin ƙafar kaza yana sauraro, yana tofar da ƙananan ƙasusuwa a gefen faranti ɗaya bayan ɗaya.

Da Bing ya gama, Maigida ya goge baki ya ce, "Duk shidan nan na duba su kafin kai. Biyu suna son su canza labarin, wai su sa mata dalili. Ɗaya yana son kwana arba'in. Ɗaya mashayi ne. Ɗaya yana da baki, ya san 'yan jarida. Na ƙarshen kuma yana ganin shi wani ne." Ya ɗaga yatsa. "Mutanen Taiwan da suka sayi fim ɗin nan tun ba a ɗauka ba, abu uku suka tambaye ni, sunan, lambar, da fuskar yarinyar. Babu wanda ya ce wane ne darakta. Ka gane? Ni ba gwani nake nema ba. Mutum nake nema wanda idan na ce kwana goma sha shida, zai ji goma sha shida."

"Maigida, watan bakwai fa za mu shiga," in ji Bing. "Watan fatalwa. Ma'aikata ba za su so ɗaukar irin wannan ba."

"Shi ya sa ma. Mahaifiyata ta kai ranakun haihuwarku wurin mai duba, ku bakwai. Ya ce taka ce kaɗai ba ta karo da watan. Wai ruwa ya yi maka yawa, ba ka kama wuta."

Hung ya yi dariya, gyaɗa ta faɗo daga bakinsa. Maigida bai yi ba. Ya tura wa Bing takarda da biro ta tsakanin kofuna.

"Ka je ka duba Auyeung, ka kai masa lemo. Na ji tsautsayi ya same shi."

Bing ya sa hannu. Sai da ya yi sau biyu, don na farkon biron ya huda takardar. Da muka sauko bai kai bakin titi ba ya durƙusa a gefen kwata ya amayar da duk abin da ya ci. Na riƙe masa laimarsa.

Mun je asibitin da yamma. Darakta Auyeung, wanda muryarsa ke tsallaka titi idan yana faɗa, yana kwance ya ƙanƙance, hannunsa a rataye. Ya kalli lemon, ya kalli Bing, ya gane.

"Kai suka ba?"

Bing ya gyaɗa kai.

"Wayyo, Bing." Ya gyara kwanciya. "Kwana goma na roƙa a ƙara mini. Da aka hana, na faɗa wa wani ɗan jarida a wurin cin abinci cewa ba a yin fim kamar ana soya taliya. Shi ke nan laifina. Ka saurare ni, kada ka roƙi komai. Kada ka ce a'a. Idan abu ba zai yiwu ba, ka ce to, ka tafi ka san yadda za ka yi."

Ranar farko ta ɗaukar fim aka yi abin da aka saba, aka ajiye gasasshen alade da lemo a kan tebur a ƙofar ginin, kowa ya kunna turaren tsinke ya rusuna ta kusurwa huɗu. Da aka miƙa wa Bing wuƙa ya yanka, a matsayinsa na darakta, sai da mai ɗaukar hoto ya riƙe masa wuyan hannu. Ginin wani tsohon gidan haya ne a Kowloon da za a rushe, hawa tara da rufi, lif ɗinsa ya mutu. Aka toshe tagogi da baƙin yadi, ana ɗaukar dare da rana tsaka, zafi kamar cikin tukunya. Hung ya sa kujerarsa daidai bayan ta Bing. Ba ya cewa komai, gyaɗa kawai yake ɓarewa, amma duk sanda ɓawo ya yi ƙara kafaɗar Bing sai ta zabura.

Bing yana rubuta abin da za a ɗauka a bayan takardar abinci, shafi biyu kullum da asuba. Ba ya iya cewa a fara da ƙarfi, sai mai buga allo a gaban kyamara ya maimaita. Ya rame har wandonsa na zamewa. Suk-yin ta kira ni ta ce ya sa ta kai yaran gidan 'yar'uwarta a Tuen Mun, kuma ya canza hanyar da yake bi zuwa tashar bas sau huɗu a mako guda.

Ni kuwa a ɗakina na fara ganin wani abu a cikin gwangwanayen. Daraktocin baya suna sa fatalwar ta faɗo wa mutum da ihu. Bing ba ya nuna ta. Yana dasa kyamara a ƙarshen dogon lungu ya bar ta tana kallon ƙofar da ba a rufe sosai ba, ya daɗe, ya daɗe, har in ji ina son in waiwaya bayana. Mutumin ya san yadda jira yake. Na faɗa masa yana da kyau, ya ce don Allah kada in faɗa wa kowa.

A rana ta goma sha ɗaya Maigida ya aiko da saƙo ta bakin Hung. Wani kamfani ya fitar da fim da mutum ya diro daga hawa na bakwai, gari na ta magana. Don haka a ƙarshen namu matar za ta diro daga hawa na tara, dirowa ta gaske, a ɗauka ba yanka, a rubuta a jarida.

Wanda zai saka farar rigar da gashin ya diro shi ne Ngau, ɗan kasadar kamfanin mai dirowa a madadin jarumai. Shekararsa arba'in da ɗaya, gwiwarsa ta hagu da ƙarfe a ciki, 'ya'yansa uku. Da aka gaya masa ya fita ya tsaya a tsakar gidan yana kallon sama, yana shan taba. Shi ma ba shi da bakin cewa a'a.

Bing ya zo ɗakina ya rufe ƙofa, ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba.

"Kwalayen da muke tarawa a faɗo a kai hawa huɗu za su ɗauka," ya ce. "Biyar idan an yi sa'a. Tsakar gidan ma ba ta da faɗi, ga igiyoyin shanya, ga bakin rumfa. Na taɓa ganin wanda ya kuskure kwali daga hawa na shida, ina tsaye kamar nan da ƙofa. Har yau uwarsa ke ba shi abinci a baki."

"To ka gaya wa Maigida."

"Kin ga hannun Auyeung."

"To ka bar Ngau ya diro."

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa jawur. "Idan ya mutu ni na ce a fara."

Sannan ya fara magana a hankali, yana kallon ƙasa, kamar mai karanto laifinsa. A ɗauki Ngau a bakin rufi da igiya a ƙugunsa, ya jefa ƙafa ɗaya a iska. A ɗinka mutum-mutumi da buhun shinkafa, Suk-yin za ta iya a dare ɗaya, a sa masa rigar da gashin, a jefo shi daga sama, a ɗauka daga nesa ta tsakanin igiyoyin shanya. Sannan Ngau ya diro daga hawa na biyu, kyamara na kwance a ƙasa. Wurin haɗin kuma a ɓoye shi a bayan wani zanin gado da iska ke kaɗawa.

"Za ki iya liƙa shi yadda ba za a gani ba?"

"Zan iya. Amma Hung fa? A bayanka yake zaune."

"Na sani," ya ce.

Ya fita. Sai a lokacin na gane na shiga ciki ni ma.

Ranar dirowar na je wurin, don in ga kusurwoyin da idona. La'asar ce, hadari ya haɗo bai zubo ba. Muka hau matakala tara, Hung na haki a baya. A rufin Ngau na tsaye cikin farar riga da gashi har ƙugu, ana ɗaura masa igiya. Mutum-mutumin na kwance a gefe an lulluɓe shi da tabarma. Hung ya ɗaga tabarmar da ƙafa, ya kalli abin, ya kalli igiyar.

"Darakta. Mene ne wannan?"

Duk wanda ke rufin ya daina abin da yake yi.

"Na gwaji ne," in ji Bing.

"Maigida cewa ya yi mutum. Daga tara."

"To. Haka ne." Bing ya goge fuska da hannun riga. "Yaya Hung, ka taimake ni da abu ɗaya. Ka san ni ba na iya leƙawa. Ka duba mini ko kwalayen suna daidai."

Hung ya yi tsaki, ya taka zuwa bakin rufin yana gyara wando, ya dafa ɗan guntun bangon ya leƙa. Ni na riga na leƙa, na san abin da ya gani. Tulin kwalayen da ya fi tsayin mutum, daga can sama bai fi akwatin ashana ba, ga igiyoyi sun gitta ta ko'ina, ga bakin rumfar kwano yana ƙyalli. Ya daɗe a wurin. Da ya juyo fuskarsa ta canza launi. Ya kalli Ngau, wanda ya taɓa koya wa ɗan Hung tsayuwar dambe, Ngau ya kau da kai.

"Yau akwai tseren dawaki," in ji Hung. "Zan je mota in ji rediyo."

Ya sauka. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai gani ba. Muna jin takunsa har ya ɓace.

Cikin awa biyu aka ɗauki komai. Buhun shinkafar da aka jefo ya daki bakin rumfar kafin ya kai ƙasa, ya fashe, shinkafa ta watsu har titi. Ngau ya je ya tsaya a kan shinkafar da rigar mata a jikinsa, ya daɗe yana kallonta.

Kwana shida tsakanin wannan rana da ranar da Maigida zai kalli fim ɗin. Ban taɓa rayuwa irin ta kwanakin nan ba. Mutum talatin ne suka ga abin da aka yi, ko wanne yana da baki. Hung ya ci gaba da zuwa yana ɓare gyaɗarsa, ba ya kallon kowa. Duk sanda wayar ɗakina ta yi ƙara sai almakashi ya faɗi daga hannuna. Wurin haɗin nan na yanka shi na sake ya fi sau ashirin, ina cire hoto ɗaya ina mayarwa, har na daina gane ko ana gani ko ba a gani. Bing kuwa ya rubuta wa matarsa takarda ya ba ni ajiya, ya ce idan wani abu ya faru in kai mata. Na sa ta a ƙarƙashin injin, na kasa kallon wajen.

Ranar ta zo, ƙarfe sha ɗaya na safe, a ƙaramin ɗakin kallo na kamfanin mai kujera goma sha biyu. Maigida a gaba, Hung a gefensa, ni da Bing a layin ƙarshe kusa da ƙofa. Ina jin numfashin Bing kamar na mai asma. Da aka zo wurin lungun da ƙofar, na ga Maigida ya gyara zama, ya waiwaya bayansa sau ɗaya. Sannan ƙarshen ya zo. Matar ta jefa ƙafa, ta taho, gashi na tashi, zanin gado ya gitta, ta wuce, ta faɗo kan fuskarmu. Duka bai kai daƙiƙa huɗu ba.

Aka kunna fitila. Maigida bai juyo ba.

"A mayar da wurin nan."

Aka mayar. Ya sake kallo. Bing ya kama hannun kujera, na ji katakon na ƙara.

"Hung."

"Maigida."

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Daga tara ya diro?"

Hung ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, Maigida, ni rufe idona na yi."

Sai Maigida ya fashe da dariya, yana dukan cinyar Hung, yana cewa ƙaton banza, kai ne ake tsoro a Mong Kok? Ya miƙe ya taho wajenmu, ya dafa kafaɗar Bing ya ce ya yi ƙoƙari. Sannan ya tsaya a gabana, ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga, ya dube ni da idanunsa tsirara.

"Yaya Ha, hannunki yana da kyau. Ki kula da shi."

Ya fita. Har yau ban san ko yabo ne ko gargaɗi ba. Na fi wata ina tsallaka titi idan na ga mota a tsaye da mutum a ciki.

Fim ɗin ya karɓu fiye da na uku. Jaridu suka rubuta dirowar hawa tara, Ngau ya sha tambayoyi yana ɗaga kafaɗa. Ga Bing wannan ne mummunan labari, don mako uku bayan nan aka sake kiransa gidan shayi, ga fostar na biyar. A wannan karon ba a liƙa farar takarda ba, sunansa na nan a buge. Ya yi na biyar, ya yi na shida. Bai taɓa sabawa ba. Kowace safiya sai ya yi amai kafin a fara, ma'aikata har sun san su jira shi minti goma. Bai taɓa roƙon ƙarin kwana ba, bai taɓa magana da ɗan jarida ba, kuma a finafinansa uku babu wanda ya kwana a asibiti.

Labarin fim na bakwai a jarida ya gani. Maigida ya ɗauko wani mai ɗaukar waƙoƙin talabijin da ya dawo daga karatu a waje, aka buga hotonsa da baƙin gilashi. Ba wanda ya kira Bing ya gaya masa. Suk-yin ta ce ya ninke jaridar, ya shiga ɗaki ya yi barcin awa goma sha huɗu, ya tashi ya ci shinkafa kwano uku. Bayan kwana biyu kuma ya fara fushi. Ya zo ɗakina yana zagaye.

"Ko waya, Yaya Ha. Fim uku na yi masa. Ko waya!"

"Kana so ka koma ne?"

"Ni? Ko an ɗaure ni." Ya zauna. "Amma ai sai a tambaye ni in ƙi."

"Za ka iya ƙi?"

Ya yi tunani da gaske, ya ce a'a.

Bayan 'yan shekaru aikin fim ya ja baya a garin, kamfanoni suka yi ta rufewa, namu ma ya rufe. Ni na koma tace tallace-tallace. Bing ya nemi lasisi ya fara tuƙa ƙaramar bas a hanyar Sai Kung, ya shekara goma sha ɗaya yana yi har idonsa ya raunana, 'ya'yansa suka sa ya ajiye. Yanzu yana gidan babbar a Tseung Kwan O, yana kai jikoki makaranta.

Sau ɗaya na taɓa shiga motarsa, wata Lahadi. Direbobin hanyar nan an san su da gudu kamar ana bin su, shi kuwa yana tafe a hankali, hannu biyu a kan sitiyari, yana ba kowa hanya. Wani mai kayan kamun kifi a baya ya gaji ya ɗaga murya.

"Kawu, gawa muka ɗauko ne? Kifin zai tsufa kafin mu isa!"

Motar ta ɗauki dariya. Bing ya dube shi ta madubi, ya ce yi haƙuri, akwai kwana a gaba. Ya ƙara rage gudu, ya kunna sigina tun da sauran nisa, muka sha kwanar.